Larabci Ko Hausa: Wane Littafi Za A Fara Ɗora Wa Matashi A Kanta?

Bayan ƙaramar Sallah ƙanwar maigidana ta zo gidana da riyal 500, kuɗin barka da Sallah da yaranta suka tara, ita kuma ta cika. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Yaya, na sa kafinta ya kafa mini kanta a falo. Yaran nan waya ta gama da su. Me zan jera a kai, littattafan Larabci ko na Hausa? Kuma maktaba zan riƙa kai su, ko in kawo miki su zamanku na ranar Alhamis?"

Ita a Makka aka haife ta. Hausa na bakinta tsaf, amma ba ta taɓa karanta shafi guda na boko ba. Ni kuwa a Kano na yi firamare da sakandare kafin aure ya kawo ni Jidda, kuma shekara shida ke nan nake tara yaran dangi da na maƙwabta muna karatun labari. Ɗanta shekararsa 13, yana mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare. 'Yarta 16, tana sanawi, wato babbar sakandare. Na ce ta ba ni kwana biyu in yi tunani, don na san amsar da zan ba ta iyaye da yawa a Jidda da Makka da Madina suna neman irinta.

Tambayoyin biyu ne a baki, amma a aikace ɗaya ce. Littafin Larabci da maktaba, wato ɗakin karatu na jama'a, tafiyarsu ɗaya: yaro ya iya harshen a rubuce, ya samu kujera ya yi shiru ya karanta abinsa. Littafin Hausa kuwa a ƙasar nan ba shi da gida sai ɗakinki. Duk ɗakunan karatun da na shiga ban taɓa cin karo da ƙagaggen labarin Hausa ko ɗaya a kan kanta ba, kuma yaron da aka haifa a nan ba zai iya da shi shi kaɗai ba, sai da babba a gefensa. Hanya biyu ce ke nan, kowacce da irin kuɗinta da irin wahalarta.

Bari in fara da Larabci, don shi ya fi sauƙi, kuma bai kamata kishin harshe ya sa mu ɓoye hakan ba. Da shi yaranmu suka koyi baƙi da wasali, da shi suka yi shekara shida a ibtida'i, wato firamare. Wanda bai saba da karatu ba, abin da yake buƙata labari ne da zai ja shi da gudu ba tuntuɓe, kuma Misirawa sun daɗe da gano wannan magani. A 1968 Mahmud Salim ya fara Al-Mughamirun al-Khamsa, wato 'yan kasada biyar: yara biyar a unguwar Ma'adi ta Alƙahira, da karensu Zanjar, suna bin sawun ɓarayi da 'yan damfara. Kowane littafi ɗan ƙarami ne mai shiga aljihu, ana gama shi tsakanin la'asar da isha'i. Ga ɗan shekara 11 zuwa 13 ban san ƙofar da ta fi wannan faɗi ba. Daga 1984 Nabil Faruk ya fito da Rajul al-Mustahil, labarin jami'in leƙen asiri Adham Sabri, littafi fiye da 150. Sai Ahmad Khalid Taufik, likita ɗan garin Tanta, wanda ya fara Ma Wara' al-Tabi'a a 1993, ya kai shi kusan littafi 80, duk a bakin wani tsohon likita mai yawan ƙorafi, Rif'at Isma'il, da ke ba da labarin abubuwan ban tsoro da ya gani. Da marubucin ya rasu a 2018, maganar da aka fi tunawa da shi da ita ita ce ya sa matasa karatu.

Sirrin waɗannan ba a zurfin hikima yake ba, a jeri yake. Yaro ya gama na ɗaya sai ya nemi na biyu da kansa, ba sai kin bi shi da faɗa ba. Ga shi an rubuta su da fusha, wato daidaitaccen Larabci, mai sauƙi, irin wadda ke sa ido ya saba da doguwar jimla. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai fuskantar jarrabawar Ƙudurat ta neman shiga jami'a a sanawi, domin ɓangarenta na lafzi kalmomi da fahimtar nassi yake gwadawa, kuma wanda ya karanta ƙananan littattafai talatin don jin daɗi yakan shiga wurin da guzurin da haddar mako biyu ba ta bayarwa.

Akwai na bayan nan da matasa ke yayi. Ard Zikola na Amr Abdulhamid, wanda ya fito a 2010, labarin ƙasa ce da ba a ciniki da kuɗi sai da basira: duk abin da ka saya, kaifin ƙwaƙwalwarka ne ke raguwa. Yaran zamanmu sun yi mako biyu suna gardama a kansa, kuma littafin da ya haifar da gardama mai kyau ya biya kuɗinsa. Hawjan na Ibrahim Abbas, na 2013, a nan Jidda labarinsa yake, kuma aljani ne ke ba da shi. An mai da shi fim a 2023. Usama al-Muslim, mutumin Ahsa, shi ne wanda matasa ke yi wa dogon layi a baje kolin littattafai tun da Khawf ya fito a 2015. A nan zan ja hankali. Waɗannan biyun na ƙarshe cike suke da aljanu da sihiri, kuma Khawf ba na ɗan shekara 13 ba ne a wurina. Ki karanta kafin ki miƙa. Sai dai a yi adalci: uwar da ta ce ba ta son aljanu a littafi ta sani namu na Hausa ma da su aka gina su.

Inda Larabci ya yi mana nisa sosai shi ne littattafan 'yan mata masu tasowa. Larabawa suna da rukuni guda da suke kira adabin yafi'in, wanda aka rubuta musamman don 'yan shekara goma sha, har da lambobin yabo na kansa. Fatin na Fatima Sharafuddin labarin yarinyar ƙauye ce da aka kai aikatau wani gida a Bairut, ta ƙi barin burin karatunta. Duk wadda ta san yadda 'yan uwanmu mata ke aikin gidaje a garin nan za ta gane dalilin da ya sa ɗakin ya yi tsit ranar da muka tattauna shi. Sitt al-Kull na Tagrid Najjar yarinya ce a Gaza da ta karɓi kwalekwalen kamun kifin mahaifinta da ya nakasa. Rihlat Ajiba fi al-Bilad al-Ghariba na Soniya Nimr, wanda ya ci lambar yabo ta Etisalat a 2014, tafiye-tafiyen wata yarinya ce mai suna Ƙamar ta teku da hamada. Duka ukun za ki iya ba 'yar shekara 14 ki kwanta ki yi barci.

To ina matsalar? Yaronmu zai karanta littafi hamsin na Larabci bai ga mai kama da shi ba. Ba sunan kakarsa, ba tuwo, ba gaisuwar durƙuso, kuma sau da yawa in baƙar fata ya leƙo cikin labari, a bakin ƙofa yake tsaye yana jiran umarni. Yaron da aka taɓa jefa wa "ya Takaruni", sunan da ake kiran 'yan Afirka ta Yamma da shi a nan, a filin ƙwallo da muryar da shi da mu duk mun san ma'anarta, yana lura da wannan ko bai faɗa ba. Littattafai uku na sani da suke rage wannan giɓi. Amaliƙat al-Shamal na Najib Kilani a Najeriya labarinsa yake, a zamanin Sardauna Ahmadu Bello da kisan 1966; marubucin likita ne Bamisire da ya hango mu daga nesa kuma ya ɗauki ɓangare, saboda haka a karanta shi a matsayin ƙage, ba tarihi ba, amma yaro zai ga Kano a rubuce da Larabci, abin da da wuya ya taɓa gani. Maimuna na Mahmud Tarawuri, marubuci ɗan Makka, labarin mutanen Afirka ta Yamma ne da suka taho hajji suka zauna a Hijaz, wato labarin gidajenmu. Harshensa na da nauyi, sai ɗan sanawi mai haƙuri. Saƙ al-Bambu na Sa'ud Sanusi, wanda ya ci babbar lambar ƙagaggun labaran Larabci a 2013, saurayi ne da uba Bakuwaite da uwa 'yar Filifin, kowane ɓangare na ce masa baƙo. Shi ma na 'yan 17 ne zuwa sama. Uku ke nan cikin ɗaruruwa.

Yanzu ga namu. Wahala ta farko samu. Ba za ki shiga kantin littattafai na Jarir ki ɗauko ba. Sai an sayo daga Kano ko Zariya ko Kaduna, an ba mai zuwa Umara ko hajji ya taho da shi, kuma kin san mai jaka cike da kilishi da daddawa da saƙon mutum goma ba littafi ne zai fara tunawa da shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: a aika da sunayen tun wata biyu kafin azumi, a tura kuɗin, a roƙi wani ya tabbatar an sa su a jaka. Abin daɗi kawai, sirara ne, goma daga cikinsu ba su kai nauyin atamfa biyu ba.

Wahala ta biyu boko. Wannan ba ta kai yadda iyaye ke tsoronta ba. Yaranmu sun san haruffan daga darasin Turanci, abin da ya rage kaɗan ne: ɓ da ɗ da ƙ, da ts, da kuma c, wadda ke rikita su don a Turanci ba haka ake furta ta ba. A zama uku yawanci sun kama. Inda suke daɗewa shi ne rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, sai jimla ta gaya maka ko "gari" na zama ake nufi ko na tuwo, ko "fari" launi ne ko rashin ruwa. Mai Hausa a kunne yana warware wannan da kansa idan ya karanta da ƙarfi ya ji abin da ya faɗa. Shi ya sa littafin Hausa a wurin yaranmu na baki ne da kunne, ba na ido kaɗai ba.

Wahala ta uku ita ce babba, kuma ita ce kuma ribar. Hausar yaranmu ta gida ce: ta kicin, ta aike, ta faɗa, rabi a cakuɗe da Larabcin Hijaz. Hausar littattafan nan ta fada ce da kasuwa da fagen fama. Sulke, lifidi, zagi, barde, fatake, zango, madugu: a shafi ɗaya yaro zai ci karo da biyar da bai taɓa ji ba. Shi kaɗai, a nan zai ajiye littafin. Amma in akwai kaka a ɗakin, nan ne daɗin ke farawa, don kalma ɗaya kan buɗe mata baki ta yi rabin sa'a. Ranar da muka iso kan "zango", wata dattijuwa ta ba mu labarin yadda iyayenta suka taho da ƙafa ta Chadi da Sudan, suka tsaya noman auduga a Jazira don neman guzuri, sannan suka ƙetaro teku daga Sawakin. Jikokinta uku suna zaune, ba wanda ya taɓa jin labarin. Ba maktabar da za ta ba ki wannan.

Su wane ne za a sayo? Na farko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Aku ne ke ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita cikin haɗari, saboda haka kowane labari gajere ne, yana ƙarewa a zama ɗaya, kuma wanda bai zo makon jiya ba bai rasa zaren ba. Ga yaranmu akwai ƙarin armashi, domin Imam ya ɗebo wasu labaran daga taskar Larabawa da ta wasu al'ummu ya ɗinka musu rigar Hausa, sai ka ji yaro ya ce ai ya san wannan, amma ba haka aka ba shi ba. Na biyu Ruwan Bagaja, shi ma na Imam, ɗaya daga cikin biyar ɗin da gasar da aka yi a Zariya a 1933 ta haifar. Ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman har yau tana sa yara birgima da dariya. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Ganɗoki na Bello Kagara na masu son yaƙi da jarumta ne. Ganɗoki ya taɓo zuwan Turawa, kuma daga nan sai a shiga zancen Sarkin Musulmi Attahiru da aka kashe a Burmi a 1903 da jama'ar da suka ci gaba da tafiya gabas har suka kafa Mai Wurno a Sudan, wanda asalin gidaje da yawa ne a cikinmu. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi, shi ne ya fi kusa da abin da ɗan shekara 13 na yau zai zaɓa da kansa.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa na ware shi daban. Yaro ne aka sace aka ƙetara hamada da shi, ya tashi a hannun Balarabe ya zama malami, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Ga yaron da ke zaune tsakanin Hausa da Larabci, wannan ba tatsuniya ba ce. Yana tayar da tambayoyi masu nauyi, kuma gara su taso a ɗakinki da a titi. Wanda ya rubuta shi ya zama Firayim Ministan Najeriya, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, wanda shi ne abin da littafin Kilani ya ginu a kai. Na taɓa haɗa wa manyan yaran littattafan nan biyu a wata guda, ɗaya da Larabci a gida, ɗaya da Hausa a zama, kuma ban taɓa ganin hanyoyin nan biyu sun taimaki juna kamar lokacin ba.

Ga 'yan mata kuwa, dole in faɗi gaskiya, kantarmu ba ta cika ba. Tsofaffin littattafan maza ne a cikinsu da dawakai. Na soyayya da suka cika Kano daga shekarun 1980 yawancinsu don manya aka rubuta su, zancen kishiya da zaman aure. Akwai waɗanda zan tsaya musu: So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, na 1980, da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole, daga baya ta koma karatu ta tsaya da ƙafarta. Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma nata, na 'yar 16 ne zuwa sama, kuma ya fi kyau uwa da 'ya su karanta tare. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce tunda takarda na wuya, a bar yarinya ta nemi labaran Hausa a WhatsApp da Wattpad da kanta. Akwai marubuta nagari a can, amma a gefensu akwai batsa tsirara da ke yawo shafi-shafi ba mai tacewa, kuma uwar da ba ta karanta boko ba za ta san abin da ke cikin wayar ba. In ana neman sabon rubutu mai tsabta, gajerun labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, wuri ne mai kyau na farawa, ga shi ana iya saurarensu.

Saura wurin zama. Maktaba tana da abin da falona ba zai taɓa samu ba: dubban littattafai, sanyi, shiru, da ganin wasu matasa sun duƙufa, wanda shi kansa darasi ne. A Jidda akwai Maktabar Sarki Fahad ta jama'a kusa da Jami'ar Sarki Abdul'aziz. A Riyad akwai Maktabar Sarki Abdul'aziz. A Zahran akwai Ithra, wadda aka buɗe a 2018, mai gasar karatu ta Aƙra, sai dai daga nan fiye da kilomita 1,200 ne, wurin ziyara ne in an samu hali. Tun da aka kafa hukumar kula da maktabobi a 2020 ana ta gyara na garuruwa ana mai da su gidajen al'adu. Baje kolin littattafai na Jidda a watan Disamba yake zuwa, kuma kai matashi can da ɗan kuɗi a hannunsa ya zaɓa da kansa ya fi wa'azi goma. Ta makaranta kuma akwai Tahaddi al-Ƙira'a al-Arabi, gasar da aka fara daga Dubai a 2015: ɗalibi ya karanta littafi 50 da ba na aji ba, ya taƙaita su a cikin 'yan takardu biyar da suke kira jawaz, goma-goma. Yaro mai son gasa wannan kan tashe shi tsaye. Na 'yan Makka da Madina, maktabobin Harami biyu taska ce ta tafsiri da hadisi da tarihi, amma ba can ake neman ƙagaggen labari ba.

Abin da maktaba ke ci shi ne mota da lokaci da takarda. Tun rushe-rushen 2022 da suka tashi Karantina da Sabil da Gulail da sauransu, jama'armu ta warwatse, wasu sun koma can gefen gari, zuwa ko'ina sai an shirya. Wurin hukuma kuma yakan nemi katin shaida ko iƙama, wato takardar izinin zama, kafin a yi rajista, kuma mun san akwai gidajen da wannan kaɗai ya rufe musu ƙofa. Irin waɗannan kada su yanke ƙauna: gidauniyar Hindawi ta Masar ta zuba littattafan Larabci masu yawa kyauta a intanet, har da labaran Kamil Kilani na yara, ana sauke su a waya ba ko sisi.

Zaman gida shi ba ya tambayar kowa takarda, amma yana cin mutum. Sai an samu wanda zai riƙe shi mako bayan mako, ko an gaji, ko an yi baƙi, ko yara uku kawai suka zo. Namu bayan isha'i muke yi ranar Alhamis, tunda Juma'a da Asabar ba makaranta, sa'a ɗaya da rabi, ba ma wuce mutum goma sha biyu. Babba ya karanta shafi biyu don a ji yadda ake hawa da sauka, sannan littafin ya zaga. Wanda ya yi tuntuɓe ba a yi masa dariya. Wannan doka ce, kuma ita ta riƙe zaman. Wani makon mukan raba su biyu su mayar da labari wasan kwaikwayo. Wani makon kowa ya fassara sakin layi ɗaya zuwa Larabci, a ga wanda ya iya da karin magana, kuma a nan ne waɗanda Hausarsu ke da rauni suke samun nasu fagen. Akwai littafin aro, sunan mai ɗauka da rana. A ƙarshe shayi, in an samu hali da sere, tsiren nan namu da Hijazawa suka karɓa har da sunansa. Samari da suka haura 15 sukan fara jin nauyin zama da mata da ƙanana, sai an samu kawu ko baba ya ɗauke su daban. Inda ba a samu ba, a gaskiya ɓacewa suke yi.

Da ta dawo, ga abin da na ce mata. Ki duba abin da kowane yaro ya rasa. Ɗanki ba ya karanta komai a kowane harshe, saboda haka matsalarsa ba Hausa ba ce. In kika ɗora masa Ganɗoki yanzu, kin haɗa masa kaya biyu, na boko da na zama wuri ɗaya, zai zubar da duka. Ki ba shi 'yan kasada biyar da Adham Sabri, ki kai shi maktaba sau biyu a wata, ki bar shi ya zo zamanmu ya saurara kawai, kada a miƙa masa littafi sai ya miƙo hannu. 'Yarki kuwa tana karatu, har ɓoye littafi take a ƙarƙashin filo, amma in kakarta ta yi mata magana da Hausa da Larabci take amsawa. Ita Larabci ba ya buƙatar kuɗinki, za ta samo shi a wurin ƙawaye da makaranta da waya. Abin da ba za ta samu ba in ba ke kika kawo ba shi ne na Hausa, kuma shekara biyu ko uku suka rage kafin jami'a ko aure su ɗauke ta daga ɗakin.

Kuɗin kuma na ce ta raba uku. Kashi biyu su tafi Kano, don littafin Hausa ba a aronsa a nan, ba a sauke mai kyau cikin sauƙi, kuma abin da aka kawo zai yi wa gida goma aiki. In ta samu, ta sayi Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja bibbiyu, don littafi ɗaya ba ya isar da'ira. Kashi ɗaya ta riƙe har Disamba, ta ba kowannensu rabonsa a ƙofar baje koli.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ni fa? Ni ma ban iya bokon ba." Na ce ta zo ta zauna kusa da 'yarta. Makon da ya wuce ta zo, aka miƙo littafin ya iso kanta, ta karanta layi huɗu tana bin su da yatsa, ta tsaya a kan ƙ, 'yar ta raɗa mata. Takardar sunayen tana hannun ɗan wanta da zai zo Umara a watan Rajab, littafi goma sha ɗaya, kuma ɗanta da kansa ya sa aka ƙara Tauraruwa Mai Wutsiya a ƙasa, bayan ya tambaya ko da gaske akwai labarin sararin sama da Hausa.